Rabin Busa

Ƙarar siririya ce, kamar ta mai koyon fito ta tsakanin haƙora. Bayan azahar take farawa, ta yi ta ƙaruwa har la'asar, daga jikin wani bututun ƙarfe mai fentin rawaya da ya bi bangon kicin ɗin Gwaggo Sa'adiyya a unguwar Kudai, kudu da Harami. Ranar farko ta azumi na fara jin ta. Ina tsaye gaban wata tukunya da zan iya shiga cikinta in zauna, gumi na bin bayana, sai na juya ina neman tsuntsun da ya shigo mana. Matan suka kwashe da dariya.

"Babu tsuntsu, 'yar boko," in ji Yaya Rabi, wata 'yar Maraɗi da ta daɗe tana aiki a wurin. "Gas ne ke kuka. Juya shinkafarki."

Sunana Na'ima, daga Haɗeja. Adabin Hausa na karanta a jami'a, kuma tun ina ƙarama ina da ɗabi'ar rera baiti ƙasa-ƙasa in hannuna na aiki. Gwaggo Sa'adiyya 'yar ƙanen kakana ce. Mahaifinta ya tafi aikin Hajji tun kafin a haifi babana, bai koma ba, ita kuma a Makka aka haife ta. Ta zo wani biki gida, ta ji ina karatu bayan sallar asuba, ta kira ni gefe ta ce, "Ya binti, wannan muryar ba ta zaman Haɗeja ba ce. Ki zo ki taya ni aiki azumi ɗaya. Bayan Salla in sa ki a makarantar mata, ki yi Larabci da hadda kina kallon Ɗakin Allah." Ita ta yi mini takardu, ita ce kafilata, wato zamana a ƙasar a hannunta yake. Wannan alkawarin shi ne duk abin da na ƙulla a bakin mayafina na taho da shi.

Aikin Gwaggo shi ne dafa wa masu Umra 'yan gida abinci irin namu: tuwo, miyar kuka, shinkafa da miya, ƙosai, kunun gyaɗa. Dole a gama, a zuba a kuloli, mota ta kai masaukinsu a Aziziyya kafin a kira magariba. Kicin ɗin dogo ne kamar zaure. Tankin gas yana waje, a bayan ginin. Bututun ya shigo ta kusa da ƙofa, ya bi bango, ya karya kwana, ya sake karyawa, manyan murahu na jere a jikinsa, kowanne na sha. Nawa shi ne na can ƙurya, inda bututun ya ƙare. Shinkafa aka ba ni.

Da hantsi, in ni kaɗai na kunna don tafasa ruwa, wutar kan tashi shuɗiya, tana gurnani, har sai na ja da baya. Amma da zarar mai tuwo ta kunna nata, mai miya ta kunna, masu suya suka ɗora mai, sai in ga harshen wutata yana janyewa, yana janyewa, har ya koma kamar fitilar da ke neman mai. Ruwan ya daina tafasa ya koma motsi kawai. A daidai lokacin ne kuma bututun ke fara kukansa.

Na faɗa wa Gwaggo tun a kwanakin farko. Tana zaune bakin ƙofa a kujerarta, waya a kunne.

"Gwaggo, wutata tana raguwa in la'asar ta yi."

Ta rufe wayar da tafin hannu. "Wutar taki ma azumi take yi?" Matan suka yi dariya, ita ma ta yi. "Ma'alesh, ba komai, ya binti. Hannu ne bai saba ba. Yalla, ki rage kallon taga."

Gaskiya ne ina kallon taga. Daga can ƙurya, ta tsakanin gine-gine biyu, ana hango kan doguwar hasumiyar agogo, kuma tun Umrar da na yi ranar da na iso ban sake taka Harami ba. Don haka na yarda da ita. Na ce lallai ni ce. Na fara jiƙa shinkafa tun da safe, na fara ɗora ruwa kafin kowa, na daina rera komai, na cije baitocina kamar yadda ake cije kuka. Duk da haka kullum ni ce ta ƙarshen saukewa, direba na tsaye a kaina yana kaɗa makulli.

Yaya Rabi ce ta riƙe ni a kwanakin nan. In ta ga Gwaggo ta fita, sai ta ɗebo tafasasshen ruwa daga tukunyarta ta juye a tawa. In an sha ruwa ta ajiye mini ƙosai masu zafi a ƙarƙashin faifai. Wata rana ta same ni ina sauraren saƙon muryar Inna a waya, ina jin kukan zakaranmu a bayan maganarta, hawaye na zuba. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Ta zauna ta kama kafaɗuna tana matsawa da man zafi.

"Mi kike ma kuka, ƙanwata? Garin naku da sauro ya fi mutane yawa?"

"Akwai kogi, Yaya Rabi. Akwai kifi."

"To ga Zamzam nan, sai dai babu kifi ciki. Sha ki yi shiru."

Na yi dariya har na ƙware. A raina na ce ko ba komai na sami 'yar'uwa.

Wajen tsakiyar azumi kukan bututun ya yi yawa har wata maƙwabciya ta yi magana. Gwaggo ta kira mai gyara, wani dattijo Bayamane da ake ce wa Mu'allim. Ya sa aka kunna murahun duka. Ya bi bututun da ido tun daga ƙofa har ƙuryata, ya tsaya a kaina, ya dubi wutata, ya dube ni, ya girgiza kai. Sai ya zagaye bututun da yatsu biyu ya juya wajen Gwaggo yana magana da sauri. Larabcina na Islamiyya ne, na littafi, nasu kuwa na kasuwa ne, yana wuce ni kamar mota. Amma kalma ɗaya ta faɗo mini a kunne sarai, har sau da dama.

"Nus busa," yake cewa, yana buga bututun. Sai ya buɗe yatsunsa. "Lazim busa. Busa!"

Busa! Na ji wani daɗi ya ratsa ni. Ga bututu yana busa, ga Balarabe yana kiran abin da sunansa na Hausa. Nan take na gina labari a kaina: mahajjatanmu na dā, irin su mahaifin Gwaggo, da suka keto hamada da ƙafa, sun zo da kalmar a bakinsu, ta zauna a Makka ta yi aure ta haihu. Na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha.

"Gwaggo, busa ya ce? Irin tamu?"

Ta dube ni na ɗan lokaci. Sai ta yi murmushi. "Irin taku. Ya ce busar ba komai ba ce, haka bututu ke yi in yana aiki sosai. Halas, koma kan tukunyarki."

Mu'allim ya ci gaba da magana har bakin ƙofa, ita kuma tana cewa, "Tayyib, tayyib, bayan Salla." Ranar na karya alkawarin da na yi wa kaina, na rera wani ɗan baiti a kan kalmar da ta yi Hajji ba ta koma gida ba. Yaya Rabi na kusa da ni tana tuƙa tuwo. Ta girme ni a garin da shekaru masu yawa, Larabcin kasuwa kuwa a bakinta kamar ruwa. Ta ci gaba da tuƙinta kamar ba ta ji ba. Na ɗauka tuƙin ne ya sha mata kai.

Da goman ƙarshe ta shigo, Makka ta cika ta batse, odar abinci ta ninka. Aka ƙaro tukwane, aka ƙaro mata, babu murhun da ke hutawa tun daga hantsi. Wata rana wutata ta ƙanƙance har ina iya ɗora hannu a gefen tukunyar. La'asar ta yi, ta wuce. Na ɗebo shinkafar na murza, tsakiyarta fari ƙal, tauri kamar tsakuwa. Na roƙi mai suya ta kashe nata na ɗan lokaci, ta ce ita ma jiran ta ake yi. Direba ya ce hanya ta cushe, in bai tashi yanzu ba sai bayan isha. Gwaggo ta zo ta leƙa tukunyar, ta ce, "A zuba. Za ta ƙarasa a kula."

Ba ta ƙarasa ba. Tsofaffi da suka wuni da azumi, wasu sun yi ɗawafi a cikin rana, suka buɗe kuloli suka tarar da abin da ba ya tauno.

Washegari da hantsi mai kamfanin da ya kawo su, Alhaji Ɗanjuma, ya zo da kansa. Ya tsaya a tsakiyar kicin, babbar rigarsa na shan ƙamshin albasa, ya ce shi mutuncinsa ya kawo Makka ba shinkafa ba, in Hajiya ba za ta iya ba ta faɗa masa, akwai masu dafawa a Aziziyya. Ina can ƙurya ina jin tausayin Gwaggo. Wallahi tausayinta nake ji. Sai na ga ta miƙo hannu ta nuna ni.

"Ga ta nan, Alhaji. 'Yar ɗan'uwana ce, shi ya sa na yi ta kawaici. 'Yar jami'a ce, waƙa take yi. Tukunya na kan wuta, ita tana kan taga. Tambayi kowa a nan."

Alhaji ya dubi matan. Babu wadda ta ɗago kai. Na nemi idon Yaya Rabi, na tarar da shi a cikin kwanon wake.

"Yarinya," in ji Alhaji, "akwai sa'ar kakarki a cikin mutanen nan. Kin ji tsoron Allah kuwa?"

Na buɗe baki in ce wuta ce. Amma ai an riga an kira mai gyara, ya ce ba komai. Me zan ce? Na durƙusa na ce, "A yi haƙuri, Alhaji." Gwaggo ta yi masa alkawari ba zan sake taɓa tukunyarsa ba. Kafin azahar na haɗa jakata.

Utaibiyya ce zangona na gaba, tsohuwar unguwa mai lunguna da gidaje a manne da juna. Akwai wani ɗalibi ɗan Haɗeja da ke karatun hadisi, matarsa Malama Hadiza ta ce in zo in zauna da su har Gwaggo ta huce. Ɗaki biyu gare su da 'ya'ya, amma ta shimfiɗa mini katifa a inda fanka ta fi kaiwa. Ba ta tambaye ni me ya faru ba sai da na faɗa da kaina. A gidanta na yi Salla. A gidanta kuma Baba ya kira ni. Gwaggo ta riga ta yi masa waya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Na'ima, na ɗauka kin girma." Na riƙe wayar har ta yi sanyi a hannuna.

Duk da haka ban cire rai da makarantar ba. Na ce laifi na yi, an hukunta ni, jini kuma ba ya ƙarewa a kan tukunya ɗaya. Kullum ina jiran Gwaggo ta kira.

Bayan Salla da 'yan kwanaki muka je Aziziyya ni da Malama Hadiza sayen tsaraba da za ta aika gida. Muka wuce wani kantin kayan lantarki, talabijin manya-manya a jere, mai kantin na nuna wa wani mutum ɗaya daga ciki yana cewa, "Hamsin busa!" Na tsaya cak, na ja hannunta ina murna.

"Malama, kin ji? Sun sake faɗa. Amma me talabijin zai busa har sau hamsin?"

Ta dube ni, ta fashe da dariya har ta dafa bango. "Kai, Na'ima! Wace irin busa? Inci ne. Busa a bakinsu inci ne, na awo. Faɗin gilashin yake faɗa masa."

"To, nus busa fa?"

"Rabin inci mana."

Ban san na zauna a kan dakalin kantin ba sai da na ji zafin siminti. Yatsun Mu'allim suka dawo mini, yadda ya zagaye bututun, yadda ya buɗe su. Rabin inci ne. Dole sai inci guda. Abin da ya faɗa ke nan, a gabana, a kan wutata, da ƙarfi, har sau da dama.

Da muka koma gida na ɗauki waya na shiga karatu, irin karatun da ban taɓa zaton zan yi ba. Ashe ba a zaɓar bututun gas da ido. Sai an tara abin da duk murahun za su sha in an kunna su gaba ɗaya, ba ɗaya-ɗaya ba. Sai an auna nisan da ke tsakanin tanki da murhun da ya fi kowanne nisa, domin gas na rasa ƙarfi yana tafiya, kowace kwana kuma tana ƙara cinye shi. Daga nan ne ake sanin faɗin da ya kamata. Uwar bututun da ta taso daga tanki ita ce za ta fi kauri, rassan da ke shiga kowane murhu su ne sirara. Kuma bambancin rabin inci da inci guda ba ninki biyu ba ne kawai, abin da mai faɗin ke ɗauka ya ninka na siririn sau da yawa. In aka ɗora wa siririn bututu abin da ya fi ƙarfinsa, gas ɗin kan matsu ya yi gudu, shi ne fiton da muke ji. Na kusa da tanki su sha su ƙoshi, na ƙarshe ya sami saura. Bututun Gwaggo na kicin ɗin iyali ne, an sa shi don tukunyar gida ɗaya. Ita ta yi ta jera masa murahu.

Na karanta wannan ina kuka, amma wani irin kuka ne mai sauƙi. Ba hannuna ba ne. Ba taga ba ce. Ko da ban taɓa sanin baiti ɗaya ba a duniya, shinkafar nan ba za ta nuna ba.

Malama Hadiza ta ce in bari ƙura ta lafa, takarduna a hannun matar suke. Ban ji ba. Na hau mota na koma Kudai. Na sami Gwaggo a falonta tana shan shayi da na'ana'a, turaren wuta na tashi. Na gaishe ta a durƙushe kamar yadda aka koya mini.

"Gwaggo, na san ma'anar busa."

Ta ajiye kofin a hankali. "Masha Allah. Larabci ya fara zama."

"Mu'allim cewa ya yi bututun ya yi kaɗan. Kika ce mini ya ce ba komai."

"To? Da na faɗa miki, da haƙori za ki faɗaɗa shi?" Ba ta ɗaga murya ba. "In za a canja, sai an rufe kicin. Sai mai gidan ya san na ƙara murahu. Sai hukuma ta zo dubawa. A tsakiyar azumi? Kin san bakin mutum nawa ke ci daga kicin ɗin nan?"

"Ban ce ki canja ba, Gwaggo. Ki dai faɗa wa Alhaji ba ni ba ce. Ki faɗa wa Baba."

"Alhaji ya manta da ke tun kafin ya shiga mota. Babanki kuwa, ai 'yarsa ce ke. Zai yafe miki."

Zai yafe mini. Sai na ce, "Makarantar fa?"

Ta dube ni kamar yadda ta dube ni ranar Mu'allim, duban mai auna abu. "Wa kika faɗa wa maganar bututun nan?"

"Malama Hadiza kawai."

"Tayyib," in ji ta. "Je ki, zan neme ki."

Ta neme ni. Direbanta ta aiko da fasfona da tikitin jirgi, an buga mini fita wadda babu dawowa. Bakin da ya san ma'anar busa ba bakin da za a bari yana yawo tsakanin Hausawan Makka ba ne.

Malama Hadiza ta raka ni ɗawafin bankwana. Na yi ta tanadin abin da zan faɗa wa Allah a kan Gwaggo, na tsara shi tsaf kamar waƙa. Da na ga Ɗakin sai duk ya zube. Na zagaya ina cewa, "Ka gani. Kai dai Ka gani." A tashar Kudai, ina shirin shiga motar Jidda, sai ga Yaya Rabi da gudu, mayafi na zamewa. Ta tura mini ledar dabino da kwalbar man zafi, ta rungume ni tana kuka sosai.

"Ki yahe mini, ƙanwata."

"Me kika yi mini, Yaya Rabi? Ke da kika ba ni ruwan zafi?"

Ta ƙara ƙanƙame ni. Har jirgi ya tashi ina ce wa kaina tsoro ne ya rufe mata baki a gaban Alhaji, ita ma baƙuwa ce, ita ma tana da kafili. Na bar Makka da mutum ɗaya a kicin ɗin nan da ban riƙe a zuciya ba.

Na faɗa wa Baba komai. Ya saurara, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, kada in ɓata zumunci. Har yau ban san ko ya yarda da ni ba. Na kama aikin koyarwa. Larabcin da ban yi a Makka ba na yi abin da ya samu a gida.

Shekaru sun shuɗe, na yi aure, na haihu. Wata rana a gidan suna a Gumel na ji wata mata tana ce wa ɗiyarta "yalla, halas". Na tambaye ta ko ta zauna a Makka. Ta ce ta yi azumi ɗaya tana aikin abinci a Kudai, a kicin ɗin Hajiya Sa'adiyya, kafin zuwana da shekara biyu, aka kore ta a kan shinkafa. Na ce ni ma haka. Muka dubi juna.

"Wane murhu aka ba ki?" in ji ta.

"Na ƙurya."

"Murhun baƙuwa ke nan." Ta gyara goyonta. "Ai haka suke kiran sa in babu sabuwa a kusa. Duk shekara Hajiya kan ɗauko yarinya daga gida saboda shi, don in abu ya ɓaci a sami wadda za a nuna. Ni sai bayan na dawo wata da ta bar aikin ta faɗa mini. Tun kafin a ga watan azumi tsofaffin ma'aikata ke raba murahun kusa da ƙofa a tsakaninsu, su bar wancan. Rabi ce ke rabon. Ita ce ma ta raɗa masa sunan."